Gorar Señora Fuensanta

Ban ruwan furanni kawai aka ce in taya, da yamma, rana na shirin faɗuwa. Aikin ke nan. Da na san abin da ke maƙale da wannan gorar, da ko da tsinke ban taɓa ta ba.

Sunana Covadonga, amma kowa Cova yake ce min. Likitar shanu ce ni a Asturias, can arewa inda ruwan sama ba ya jin kunyar kowa. Shekara biyar na yi ina karatu a Córdoba, ɗaki ɗaya da Araceli, wadda nake kira Celi. Tukunyarmu ɗaya, bargonmu ɗaya idan sanyi ya matsa. Ranar da mahaifina ya rasu ita ta raka ni gida, ta riƙe min hannu har bakin kabari. Shi ya sa da ta kira ni bayan shekaru ta ce, "Ki zo ki yi mako guda, yarinya, gidan Baba ya zama nawa, ɗakuna sai wanda kika zaɓa," ban tsaya tambayar kaina wane mahaukaci ne ke zuwa Córdoba a watan Yuli ba. An ce da ɗan gari kan ci gari. Na haɗa jaka na taho.

A ƙofar gidansu na kusa wuce ta. Celin da na sani mace ce mai jiki, mai dariyar da ke sa gidan abinci duka ya waiwayo. Wadda ta tare ni ta bushe kamar kilishi. Leɓɓanta sun tsattsage, idanunta sun faɗa, tana rungume da ƙatuwar robar ruwa.

"Ke Celi, wa ya cinye min ke?"

"Zafi ne, yarinya. Ke dai ga ki nan tuɓul-tuɓul kamar shanunki."

Na yi dariya. Ita ta kafa robar a baki ta sha, ta sha, har ta lotsa, sannan ta lashi leɓe kamar wadda ba ta ga ruwa ba tun jiya.

Gidan yana wani lungu a unguwar San Lorenzo, irin tsofaffin gidajen da a da iyali bakwai ko takwas ke zaune ciki, kowa da ɗakinsa, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Yanzu babu kowa sai ita. Muka wuce zaure, ta buɗe ƙyauren ƙarfe, sai na ja na tsaya. Bango huɗu fari fat, tukwanen furanni rataye tun daga gwiwa har ƙarƙashin rufi, furannin kuwa ja jawur, sun cika sun batse. A watan Yuli fa, lokacin da furannin kowa sun sunkuyar da kai.

"Guda nawa ne?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu," in ji ta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

A kusurwa akwai rijiya, an rufe ta da murfin ƙarfe an danna ƙaton kwaɗo. Kusa da ita wata gajeriyar kujera ce ta saƙa, wadda zama ya lotsa tsakiyarta. Na kai hannu zan jawo ta.

"Bar ta nan," Celi ta ce da sauri. "Ƙafarta ta karye."

Ƙafafunta huɗu lafiya lau. Na gani, amma baƙo ba ya musu a ranar farko.

Wajen ƙarfe tara rana ta sauka bayan hasumiyar coci. Tsattsewa na ta ihu a sama, a lungu kuma ana jin maƙwabta na jawo kujeru zuwa ƙofar gida shan iska. Celi ta ɗauko gorar daga bayan ƙofa. Doguwar sanda ce, ta ninka tsayina, an ɗaure tsohon gwangwani da waya a kanta. Da ita ake kai ruwa ga tukwanen sama: a tsoma gwangwanin a bokiti, a ɗaga, a karkata wuyan hannu. Inda ake riƙewa ya yi baƙi yana sheƙi saboda daɗewa a hannu.

"Kafaɗata ta riƙe," in ji ta. "Ki taya ni, yau kawai."

"Jingine ta nan, in ƙarasa wannan." Zaitun nake ci.

"A'a. Karɓi."

Da hannu biyu ta miƙo min. Ba ta kalli idona ba.

Na lashe yatsuna, na karɓa.

Gorar da ɗumi, kamar tafin mutum. A bayana kujerar nan ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama.

Celi ta saki wani dogon numfashi. Ta shiga kicin ta sha ruwa kofi ɗaya, ɗaya tak, ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe tana cewa, "Ya wuce, Cova. Ruwan ya wuce." Na ɗauka zafi ne ya taɓa mata kai. Ta zauna ta tashi da kwano biyu na salmorejo, miyar tumatir ɗin nan mai sanyi, har da suɗe cokali, ta ɓingire da barci a kan doguwar kujera. Ni kuwa na bi tukwane ɗaya bayan ɗaya. Duk gwangwanin da na karkata, sai in ji harshena ya ƙara nauyi. Kafin in kai na ƙarshe, babu ɗigon yawu a bakina.

Da gari ya waye na riga na shanye duk ruwan da ke firiji, na koma kan famfo. Ruwan na shiga, ina jin sanyinsa a haƙori, amma daga maƙogwaro sai ya ɓace. Na leƙa ɗakin Celi. Gado a gyare, akwatin kaya a buɗe, rabinsa babu komai. A kan tebur ta bar takarda: *Na fita wani uzuri. Kada ki manta da ban ruwa.*

Na sa takalmi na ce bari in nemi shagon magani. Na fita lungun. Taki goma, maƙogwarona ya fara matsewa. Taki ashirin, numfashina ya koma fito. A bakin lungu, inda itatuwan lemo suke, na durƙusa, idona ya yi duhu. Na ja baya da rarrafe, sai iska ta fara shiga. Na sake gwadawa, don ni ba a taɓa faɗa min abu sau ɗaya na ji ba. Daidai wannan wurin, abin ya sake shaƙe ni.

"Kada ki gwada na uku, 'yata."

Wani tsoho ne zaune a zauren gidan da ke kallon namu, da sanda tsakanin ƙafafunsa da ɗan tulu a gefe. Señor Acisclo, tsohon maƙerin azurfa. A wannan lungun aka haife shi.

"Nuna min tafinki."

Na buɗe. Wani baƙin layi ya ratsa tafina, daidai faɗin gorar. Ban ma lura da shi ba sai lokacin. Tsohon ya yi alamar gicciye.

"A hannu ta ba ki?"

"A hannu."

"Ke kuma kika karɓa. Ba ki taɓa zama a garin nan ba ne?"

"Shekara biyar na yi, señor."

"A ɗakin 'yan makaranta." Ya girgiza kai. "A unguwar nan ba a miƙa gora hannu da hannu. Jingine ta ake yi a bango, mai so ya ɗauka. Sau ɗaya tak ake miƙa ta, ranar da mai kula da furanni ta gaji, ta ba wadda za ta gaje ta. Wadda ta karɓi gora ta karɓi gida, da duk abin da ke cikinsa."

"To me ke cikinsa?"

Ya rage murya. "Fuensanta."

Ya ba ni labarin a gajarce, yana yi yana kallon ƙofarmu. Señora Fuensanta ita ce ta ƙarshe cikin masu zama a gidan. Tana 'yar shekara sha tara ta karɓi gorar daga hannun uwarta, ta riƙe ta shekara sittin da biyar. Mahaifin Celi, mai gidan, ya yi mata alkawari a ɗakinta za ta mutu. Da ya rasu, Celi ta so ta mai da gidan masaukin baƙi, tsohuwa ta ce ko da gawarta. Sai bara, a tsakiyar Agusta, Celi ta kulle rijiya, ta sa aka rufe famfo, wai gyara ake yi. Lissafinta kwana uku, tsohuwa ta gaji ta koma wajen 'yar ƙanwarta.

"Ni da kaina nake kai mata tulu kullum da safe," in ji shi. "Ashe ba ta sha. Furanni take ba. Rana ta tara muka same ta kwance a tsakar gida, hannunta ya sandare a kan gorar. Araceli ta durƙusa ta riƙa ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, kafin masu motar asibiti su iso. Ina tsaye na ce mata kada. Ta ce min tatsuniyar tsofaffi."

"Ta karɓa ke nan."

"Ta ƙwata. Shekara guda ke nan tana bin mutanen lungu da gorar nan. Har mai kawo wasiƙa ta miƙa wa. Kowa hannunsa a aljihu. Sai ta tuna tana da ƙawa a nesa." Ya dubi ƙafafunsa. "Jiya na ji muryarku, na taso. Kafin waɗannan ƙafafun su tsallaka lungu, na jiyo gwangwani ya taɓa bokiti."

Ban yi kuka ba. Babu ruwan yin sa. Abin da na ji wuta ce ta taso daga cikina har kunne. Matar da ta riƙe min hannu a bakin kabarin ubana, ita ta zauna ta duba cikin duk mutanen duniya wa zai karɓi abu daga hannunta ba tambaya, ta ga ni ce.

"Ta yaya ake rabuwa da ita?"

"Sai wani ya kama da hannunsa, don kansa, ba dole." Yana faɗa ya cusa hannuwansa biyu a hammata. "Ba ni ba, 'yata. Ki yi haƙuri."

Na koma ciki.

Ƙarfe uku na rana garin ya mutu, kamar yadda ya saba. An sauke labulen kowace taga. Ko kare ba ya motsi. Gyare kaɗai ke ta zuba ƙara, duwatsun tsakar gida na fitar da warin ƙasa mai zafi. Ina kwance a kan tayil ɗin ɗaki da jiƙaƙƙen tawul a baki.

Gyaren ya yi shiru.

Sai na ji shi. Ƙarrr. Gwangwani na gogar bango.

Shiru. Ƙarrr. Ya matsa tukunya ta gaba.

Na rarrafa zuwa ƙofa, na leƙa ta tsagar labule. Gorar na jingine inda na bar ta. Ba ta motsa ba.

Kujerar ce ba ta zama wofi ba.

'Yar tsohuwa ce ƙarama, cikin baƙar riga, gashinta a ƙulle da tsinke. Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Rana na dukanta tsaye, amma babu inuwarta a kan dutse. Warin busasshen ganye ya cika wurin, da wani wari a ƙarƙashinsa, wanda na sani daga aikina, na dabbar da ta kwana biyu a rana.

Ban san abin da ya tura ni ba. Wataƙila sabo ne, duk abin da na gani yana ƙishi sai na ba shi ruwa. Na cika kofi, na fita. Na nufi kujerar.

"Señora," na ce. Muryar da ƙyar ta fito. "Ga ruwa."

Ta juyo a hankali. Wuyanta ya yi ƙara kamar kujerar. Leɓɓanta baƙi ne, sun dare har gefen kumatu. Idanun a bushe, ba sa ƙiftawa.

Ta dubi kofin. Ta dube ni. Ta shinshina iska.

"Ba ke ba ce."

Muryar kamar ana jan tsintsiya a kan yashi.

"Ba ni ba ce, señora. Yaudarata aka yi. Ki sake ni."

"Gora na hannunki."

"To ya zan yi?"

Ta ɗaga yatsa. Yatsan a karye yake, ya karkace baya. Ta nuna rijiya.

"Buɗe min. Ki kawo min Araceli."

Kofin ya suɓuce ya fashe. Na dubi ƙasa, na ɗago. Kujera wofi. Ruwan da ya zube kuwa dutse ya shanye shi kafin in ƙifta ido.

A ɗakin ajiya na sami guduma da wani guntun ƙarfe. Matar da ke kayar da bijimi ba kwaɗo ne zai gagare ta ba. Bugu na shida ya tsinke. Na ture murfin. Sanyi ya bugo fuskata, da warin gansakuka. Can ƙasa ruwa baƙi yana kallona. A jikin bangon akwai matakan ƙarfe, sun yi tsatsa, suna sauka har cikin duhu.

Na daɗe ina kallon matakan nan. Sannan na ɗauki waya.

Sai a kira na huɗu ta amsa. Ina jin hayaniyar mutane a bayanta, da ƙarar cokula.

"Cova."

"Ki ci lafiya, Celi. Me ake ci?"

Sai kuka. "Ba ki san yadda yake ba. Shekara guda, Cova. Fitsarina jini. Haƙorana na kaɗawa. Ke mai ƙarfi ce, na ce za ki jure kafin in samo hanya. Na rantse zan samo hanya."

"Daga ina za ki samo ta?"

"Ina da jirgin ƙasa ƙarfe goma na dare. Akwai wata mata a Málaga, an ce ta san irin waɗannan abubuwan."

Ƙarya take, ko kuma kanta take yi wa ƙarya, duk ɗaya ne a wurina. Na so in zage ta tas, tun daga kakanninta. Na haɗiye. Na lanƙwasa murya yadda nake yi wa saniya kafin in soka mata allura.

"Ruwan roba ya ƙare, Celi. Na famfo ba ya zama a cikina. Ba na iya fita. Ko shi ki kawo min kafin ki tafi."

"Zan ajiye a zaure. Ba zan shigo ba. Kada ki ce in shigo."

"Ba zan ce ba."

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ita nata ubanta ya bar mata shi a gine.

Da ƙararrawar coci ta buga tara, na ɗauki gorar. Na bar ƙyauren ƙarfe a buɗe. Na zauna a bakin rijiya, na juya, na sa ƙafa a matakin farko. Tsatsa na ɓarɓashi a tafina. Mataki biyar. Shida. Bakwai. Na tsaya inda hannu ba zai kai gare ni daga sama ba, sai gora. Na ɗaga ta, kan da ke da gwangwani ya leƙa waje.

Sama ta zama ɗan faifai ja. Tsattsewa na giftawa.

A ƙasana ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Na jira.

Ƙofar waje ta yi ƙara. Takun takalmi a zaure. Robobi suka taɓa ƙasa, ɗaya, biyu.

"Cova?" A raɗa. "Na ajiye."

Na buɗe baki zan yi ihun da na shirya.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

Wani abu ya motsa a ƙasa. Ba fantsama. Kamar an miƙe tsaye.

Warin busasshen ganye.

Hannu ya kama idon sawuna.

Daga cikin ruwa ya fito, amma a bushe yake, da zafi, kamar itacen da ya wuni a rana. Ina jin karyayyun yatsun suna neman wurin zama a kan ƙashina. Ya ja.

Ƙafata ta zame. Matakin da na riƙe ya tsinke ta gefe guda.

Ihun da na yi ba shi ne na shirya ba.

"Celi! Celi, wayyo! Tana ja na!"

Gudu a kan dutse. Kanta ya bayyana a cikin faifan nan ja, gashinta na lilo.

"Cova! Miƙo hannu!"

Ta zuro nata. Tazarar ta fi kamu uku.

Aka sake ja. Ruwa ya kai gwiwata. Sanyi. Wani numfashi a bayan cinyata.

Gwangwanin na kaɗawa daidai fuskar Celi.

Na ga ta dube shi. Na ga ta gane. Hannunta ya tsaya a iska, yatsu a buɗe. Ta dube ni.

Daƙiƙa ɗaya. Biyu.

Ta kama.

Da hannu biyu ta kama, ta tokare ƙafa a bakin rijiya, ta ja da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Nan take hannun da ke ƙafata ya saki. Ba saki kawai ba. Tafi ya dafa ƙasan ƙafata ya tura ni sama.

Yawu ya cika bakina.

Na hau, ina kama ƙarfe, ina kama dutse, farcena na karyewa. Na faɗo a tsakar gida ina tari. Na saki gorar.

Ta rage a hannun Celi.

Tana tsaye tana kallon tafinta. Leɓɓanta, waɗanda kwana ɗaya ya fara warkarwa, suka dare a gabana. Jini bai fito ba.

Bayanta kujera ta yi ƙara.

"Araceli," in ji muryar tsintsiya. "Rana ta faɗi. Furannina."

Celi ba ta waiwaya ba. Ni take kallo.

"Da gangan kika shiga," ta ce.

"Da gangan kika gayyace ni."

Na tashi, takalmi ɗaya a ƙafa. A zaure na tsallake robobin ruwanta guda biyu. Ban ɗauki jakata ba, sai 'yar ƙaramar da ke rataye a ƙofa. A lungu maƙwabta na zaune a kujerunsu, mafitai sun tsaya cak a hannu. Señor Acisclo ya dubi tafina, ya ga layin ya ɓace, ya dubi ƙofar gidan, ya cire hularsa. Na wuce itatuwan lemo ina numfashi har cikin ciki.

A bayana na ji gwangwani ya taɓa bokiti.

Shekara uku ke nan. Idon sawuna na hagu yana da shatin yatsu biyar, fatar wurin a bushe take kamar ɓawon itace, babu man da ban shafa ba. Ba na karɓar komai daga hannun mutum, ko canji a shago, ko allura a wurin aiki. A ajiye a tebur in ɗauka. Manoma suna ce min mai girman kai, na bar su da abinsu.

A watan Mayun da ya wuce wata abokiyar aikina ta je Córdoba, ta dawo tana nuna mana hotunan gidajen furanni. A ɗaya daga ciki na ga bango huɗu fari, furanni ja jawur, rijiya a buɗe. A gefe wata mata ce tsaye da doguwar gora, ƙashi da fata. Abokiyar tawa ta ce ba ta taɓa ganin gida mai kyau irinsa ba, sai dai matar gidan ba ta magana, kuma duk wanda ya shigo sai ta ɓoye gorar a bayanta, kada wani ya taɓa.

Ban yi nadama ba, kada wani ya yi min wa'azi. Ta kashe tsohuwa da ƙishi, ta so ta bi da ni, abin da ta shuka shi take ba ruwa. Tsohuwar ma na gane dabararta. Ta riƙe ƙafata ne don kukan ya zama na gaske, domin ta fi ni sanin Celi, yarinyar da ta girma a gabanta.

Abu ɗaya ne kawai ke tsaya min a wuya idan na ɗaga kofi zan sha. Na ga idon Celi a wannan daƙiƙa biyun. Ta san mene ne a kan gorar, ta san hanyar tasha a buɗe take. Da muguntarta ta kai yadda na ɗauka, da yanzu ina ƙasan rijiyar nan.